Rubuta Kundin Digiri na Farko a Fannin Kimiyyar Motsin Jiki: Misali Daga Ƙasar Gobir

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu tattauna a kan yadda ɗalibin shekarar ƙarshe a jami'a zai rubuta kundin digirinsa na farko a fannin kimiyyar motsin jiki, watau fannin da a da aka fi sani da Ilmin Motsa Jiki da Kiwon Lafiya, wanda ake koyarwa a jami'o'i irin su Ahmadu Bello ta Zariya da Bayero ta Kano, da kuma kwalejojin ilmi. Ba mu yi nufin maimaita abin da ke cikin littattafan dabarun bincike ba, domin mahalarta wannan taro sun san shi sarai. Abin da muke so shi ne mu ɗauki yanki ɗaya, watau Sabon Birni da Isa a gabashin Jihar Sakkwato, mu ga irin tambayar da ɗalibi ɗan wannan ƙasa zai iya yi, da yadda zai amsa ta da kayan aikin da ba su fi ƙarfin aljihunsa ba.

Dalilinmu kuwa shi ne wani abu da duk malamin da ya daɗe yana duba kundaye ya sani. Sau da yawa ɗalibi yakan kawo take kamar "ra'ayin ɗalibai game da wasanni a makarantun sakandare", ya buga takardar tambayoyi, ya raba, ya tattara, ya zuba amsoshin "na yarda" da "ban yarda ba" cikin jadawali, ya ɗaure kundi da baƙin bango. Daga shafin farko har na ƙarshe bai taɓa jijiyar hannun kowa ba, bai auna tsawon taki ɗaya ba. Irin wannan aiki yana da nasa wuri a fannin nazarin zamantakewa. Amma fannin da ya sa wa kansa suna kimiyyar motsin jiki, wajibi ne a ga jiki yana motsi a cikin kundinsa. Da haka fannin ya fara tun asali. Borelli na Italiya, a littafinsa da ya fito a 1680, lissafa ƙarfin tsoka da ƙashi ya yi kamar yadda ake lissafa ma'auni. Muybridge kuma, a 1878 a Amurka, jera na'urorin ɗaukar hoto ya yi don ya tabbatar ko akwai lokacin da ƙafafun doki huɗu suke barin ƙasa gaba ɗaya in yana gudu. Wayar da ke aljihun ɗalibinmu a yau ta fi kayan Muybridge nesa ba kusa ba.

Zaɓen Batu

Sabon Birni gari ne na Gobirawa a bakin Gulbin Rima. Ɗan Halima, ɗaya daga cikin 'ya'yan sarautar Gobir, shi ya kafa shi a rabi na biyu na ƙarni na 19, ba da nisa ba da kufan Alƙalawa wadda ta faɗi a 1808. 'Yan'uwansu na jini suna Tsibiri, kusa da Maraɗi, kuma iyakar da Ingila da Faransa suka shata a farkon ƙarni na 20 ba ta raba aure ko kasuwa ko dandali ba. Mun kawo wannan ne domin yana da amfani ga mai bincike: a ƙasa ɗaya yana da fadama mai laka da jigawa mai rairayi, yana kuma da al'adun motsa jiki na ƙasashe biyu.

Abu na farko da zai faɗo wa ɗalibi a rai shi ne kokawa, kuma da gaskiyarsa. A hayin iyaka, Jamhuriyar Nijar ta mai da kokawa wasan ƙasa. An fara gasar neman Takobi a Tawa a 1975, wanda ya ci kuwa Yakuba Kantu ne na Maraɗi. An yi rubutu mai yawa a kan kirarin 'yan kokawa da 'yan dambe da makaɗansu, alal misali kundin digiri na uku da Edward Powe ya rubuta a 1984 a kan adabin wasannin jarunta na Hausawa. Amma shi kansa kayen, ta ina yake fitowa? Daƙiƙa nawa ake yi kafin a yi shi? Sau nawa taɗiya take kawo shi, sau nawa ɗauka? Ɗalibin da ya ɗauki hoton karawa 60 da wayarsa, ya zauna ya ƙirga waɗannan abubuwa ɗaya bayan ɗaya, ya yi aikin da za a iya dogara da shi. Sharaɗi ɗaya ne: ya faɗi tun farko abin da yake nufi da kaye, domin hukuncin dandalin ƙauye dabam, na gasa mai alƙalai da agogo dabam, kuma in ya gauraya su lissafinsa ya ɓaci. Haka nan langa, wadda yanzu ake yin ta har a gasar wasanni ta ƙasa: ana iya gwada yaran da suka saba da ita da waɗanda ba su saba ba, a ga wa ya fi daɗewa tsaye a kan ƙafa ɗaya.

Sai dai mu a ganinmu batun da ya fi dacewa da wannan yanki ba a dandali yake ba, a gona yake. Masanin nan na Faransa Claude Raynaut, a nazarinsa na 1984 a kan kayan noma na ƙasar Maraɗi, ya yi bayanin hanyoyi biyu na noma da suka haɗu a wannan shiyya. Akwai masu noma a duƙe da fartanya mai gajeriyar ƙota, akwai kuma masu noma a tsaye da hauya mai doguwar ƙota, wadda ake turawa gaba, bakinta yana yanke ciyawa ta ƙarƙashin rairayi. Ga mutum biyu, harshe ɗaya, gero ɗaya, amma ɗaya ya wuni a lanƙwashe, ɗaya ya wuni a miƙe. Wace hanya ce ta fi cin ƙarfin jiki? Wannan tambaya ce ta kimiyyar motsin jiki tsantsa, kuma ba tambayar wasa ba ce. A 1975 Jihar Kalifoniya ta Amurka ta haramta sa leburori noma da gajeriyar fartanya saboda lahanin da take yi wa baya. A Zariya ma, Nwuba da Kaul sun buga nazari a 1986 a kan abin da duƙawa take yi wa manomin Nijeriya. Ɗalibin Sabon Birni yana da abin da waɗannan ba su da shi, watau manoman da suka tashi da hanyoyin biyu tun suna yara.

Kuskuren da za a tsare shi daga gare shi a nan shi ne faɗaɗa take. "Tasirin noma ga lafiyar manoman Jihar Sakkwato" ba take ba ne, kogi ne. Taken da za a iya gamawa cikin wata huɗu shi ne wanda ya ambaci mutanen da za a auna, da abin da za a auna, da wurin: kwatanta bugun zuciya da lanƙwasar baya tsakanin noman tsaye da noman duƙe ga manoma maza a wata gona ta jigawa kusa da Sabon Birni.

Awo

A nan ne za mu ɗan daɗe, domin a nan kundi yake tsayuwa ko ya faɗi. Kayan da ake bukata su ne agogo mai nuna daƙiƙa, da tef na awo, da sikeli, da waya mai ɗaukar hoto, da sanda mai tsawon mita ɗaya daidai. Ɗalibi zai nemi manoma kamar 12 waɗanda suka iya hanyoyin biyu, domin a gwada kowane mutum da kansa. In ya ɗauki rukuni biyu dabam, wani zai ce bambancin da aka gani na mutanen ne, ba na hauyar ba, kuma ba shi da amsa. Zai auna fili mita 10 tsawo, mita 10 faɗi, sau biyu ga kowane manomi, a ƙasa iri ɗaya mai ciyawa kusan iri ɗaya. Rabin manoman su fara da fartanya, rabi su fara da hauyar tsaye, don kada gajiya ta faɗa wa hanya ɗaya kullum. A yi aikin da safe a lokaci ɗaya, domin zafin rana kaɗai yana ɗaga bugun zuciya ko mutum bai ƙara himma ba.

Kafin a fara, manomi ya zauna a inuwa minti 10, a ƙirga bugun zuciyarsa na hutu. Yana cikin aiki, bayan kowane minti 5 a tsai da shi a ƙirga na daƙiƙa 15, a ninka sau 4. Tilas a kama jijiyar nan take, domin zuciyar mai aikin ƙarfi takan sauko da sauri da zarar ya tsaya, kuma jinkirin rabin minti ya isa ya ɓata adadin. In sashe yana da agogon hannu ko ɗamarar ƙirji mai ƙirga bugu, to madalla, an huta da tsayarwa. Waya kuma a kafa ta a gefe, a kan abu tsayayye, sandar mita ɗaya tana tsaye cikin hoton, don daga baya a auna kusurwar da baya yake yi.

Sa'an nan sai lissafi, inda ɗalibai da dama suke tuntuɓe. Bari mu ƙaga misali don bayani kawai. A ce bugun hutu na wani manomi 70 ne a minti. Da fartanya ya hau 120, ya gama filin cikin minti 20. Ƙarin bugu 50 sau minti 20 ya ba da 1,000. Da hauyar tsaye bugun ya tsaya a 105, amma sai da ya yi minti 35. Ƙarin bugu 35 sau minti 35 ya ba da 1,225. Wanda ya dubi bugun minti ɗaya kawai zai ce noman tsaye ya fi sauƙi. Wanda ya dubi abin da filin duka ya ci zai ce akasin haka. A gona ta gaske lambobin suna iya juyewa gaba ɗaya. Abin lura shi ne dukan maganganun biyu gaskiya ne, amma tambayoyi biyu suke amsawa, kuma dole ɗalibi ya san wadda ya yi. Daɗin daɗawa, aikin ma ba ɗaya ba ne: fartanya tana juya ƙasa, hauyar tsaye yanka kawai take yi, kuma a lakar fadamar Rima ba ta shiga yadda take shiga rairayi. Duk manomin Gobir ya san wannan. In kundi bai faɗe shi ba, manomi ya fi kundin ilmi.

Akwai kuma tarkon ma'aunan aro. Gwajin hawa benci na Harvard, wanda Brouha da abokan aikinsa suka fitar a 1943, yana bukatar benci mai tsayin inci 20, watau kusan santimita 51, a hau a sauka sau 30 a minti har minti 5. A kan samarin Amurka aka tsara shi a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. In aka ɗora gajeren dattijo ko yaro ɗan shekara 13 a kan wannan benci, aka duba jadawalin littafi aka rubuta masa "rauni", tsawon ƙafarsa aka auna, ba ƙarfin zuciyarsa ba. Haka dabarar nan ta cire shekarun mutum daga 220 don a san iyakar bugun zuciyarsa: ko a inda ake da takardar haihuwa takan kauce da bugu 10 ko fiye, balle ga manomin da zai ce maka an haife shi shekarar da aka yi wata yunwa. Shi ya sa muka fi son tsarin da ake gwada mutum da kansa.

Kada kuma ɗalibi ya ji kunyar ƙarancin mutanensa, amma kada ya manta da shi. A 1986 Maloiy da abokansa sun ba da rahoton cewa wasu matan Kenya suna ɗaukar kayan da ya kai kashi 20 cikin 100 na nauyin jikinsu a ka ba tare da ƙarin kashe ƙarfi ba. Maganar ta zaga duniya, alhali mata ƙalilan aka auna. Da Lloyd da abokansa suka sake gwajin a 2010 da mata fiye da 20 a Afirka ta Kudu, sai suka ga ba kowace mace ce take samun wannan rangwame ba. Manya ke nan. Ɗalibi mai manoma 12 yana da ikon ya faɗi abin da ya gani ga manoma 12, ba ga Hausawa duka ba. (Af, ga wani batu nan ga ɗaliba mace: tulu da gammo da hanyar rijiya suna nan, kuma ita ce za a bari ta shiga gida ta auna.)

Lokaci, Harshe da Halin Ƙasa

Kalandar jami'a ba ta san damina ba. Noman firi da maimai tsakanin Yuni da Agusta ake yin su, kokawa kuwa sai kaka, bayan an kai amfanin gona gida. Ɗalibin da aka amince wa da take a watan Fabrairu, aka ce ya miƙa kundi a watan Mayu, ba zai ga ko ɗaya ba. Abin da zai tarar shi ne bazara, lokacin da zafin Sakkwato yake haura digiri 40, wanda bai kamata a sa kowa gwajin ƙarfi a cikinsa da rana ba. Saboda haka muna ba sassa shawara su raba take tun ƙarshen shekara ta uku, don ɗalibi ya yi awonsa a hutun da ya dace. A kuma duba inda azumi ya faɗo a wannan shekara.

Game da harshe, da Turanci ake rubuta kundin a waɗannan sassa, amma da Gobirci ake yin aikin. Kalma ɗaya ta Turanci da ke kan takardar tambayoyi tana iya zama baya, ko gadon baya, ko kwankwaso, ko ƙugu a bakin manomi, kuma ba wuri ɗaya ba ne. Hanya mafi tsabta ita ce a ce masa ya ɗora hannu inda yake ji, ɗalibi ya yi alama a kan zanen jikin mutum, ya rubuta kalmar da aka faɗa yadda aka faɗe ta. Haka sunayen kayan noma da na dabarun kokawa: a rubuta su da lafazin wurin, kada a gyara su su koma Kananci. Wani mai nazarin harshe zai gode masa wata rana.

Yanzu sai magana mai nauyi, wadda ba za mu tsallake ba. Shekaru ke nan wannan yanki yana fama da 'yan bindiga. A watan Mayu na 2020 an kashe mutum fiye da 70 a wasu ƙauyukan Sabon Birni. A 2021 an yanke layukan waya a ƙananan hukumomi da dama na jihar, har da Sabon Birni da Isa, kuma a watan Disamba na shekarar aka ƙona matafiya cikin mota a kan hanyar yankin. A watan Agusta na 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Tun 2019 dubban mutane suka ƙetara zuwa ƙasar Gidan Runji a Jihar Maraɗi, wasu suka koma cikin garuruwa. Babu kundin da ya kai ran ɗalibi, kuma malamin da ya sa hannu a kan take ba tare da ya tambayi ina ne gonar ba, wace hanya ake bi, bai sauke nauyin da ke kansa ba.

Amma akwai haɗari na biyu, wanda ba ya zub da jini. Ɗalibin da hanya ta gagare shi, ga ranar miƙa kundi ta matso, yana iya zama a ɗakin kwanansa ya cika takardu ɗari da biro kala uku. Takardar tambayoyi tana da sauƙin ƙagawa. Hoton manomi yana noma da sandar mita ɗaya a gefensa ba ya ƙaguwa da sauƙi, kuma wannan ma wani dalili ne na fifita awo. Maganin abin shi ne malami ya buɗe masa ƙofa tun da wuri: a mai da aikin gonar da ke bakin gari, ko a nemi manoman yankin da suka yi hijira zuwa wani wuri mai aminci, ko a koma ga hotunan kokawa da aka riga aka ɗauka. Sai dai a rubuta wannan canji ɓaro-ɓaro a babi na uku. A kuma tuna cewa mutumin da ya bar rumbunsa ya gudu ba lalle ne yana cin abin da ya saba ci ba, kuma wannan zai bayyana a bugun zuciyarsa; in ana shakkar lafiyarsa ko ƙoshinsa, kada a gwada shi sam.

Neman izini ya bi ta hannun mai gari da sarkin noma, amma izininsu bai ɗauke na mutumin da za a taɓa jikinsa ba. A yi masa bayani da harshensa, a gaya masa yana iya tsayawa duk lokacin da ya so. A cikin kundi lamba za a ba shi, ba suna ba, a rufe fuskarsa a hoto, kuma a halin da ake ciki ko sunan ƙauyen da yawan gonakinsa ba dole ne su fito ba. Kundi yana zama a kan kanta shekara da shekaru, ba mu san hannun da zai buɗe shi ba.

Zuba Aiki a Takarda

Tsarin babi biyar sananne ne, ba sai mun bi shi ɗaya ɗaya ba. Abin da za mu ce kawai shi ne nauyin ya karkace. Babi na biyu, na bitar ayyukan da suka gabata, yakan kumbura har shafi 40 da ma'anonin kalmomi da aka kwaso daga intanet, babi na uku kuwa, wanda shi ne ɗalibin ya yi da hannunsa, ya ƙare a shafi 2. Kamata ya yi a juya. Ayyuka 10 da ɗalibi ya karanta da idonsa, ya kuma faɗi mutum nawa aka auna a kowane da yadda aka auna su, sun wadatar. Babi na uku kuma a rubuta shi yadda wani ɗalibi daga Isa zai ɗauka baɗi ya maimaita aikin ba tare da ya tambayi kowa ba: tsawon ƙota, nauyin hauya, irin ƙasa, kwana nawa da yin ruwa, ƙarfe nawa aka fara.

A babi na huɗu a sa lambobin kowane manomi a jadawali kafin a kawo matsakaici, domin mai karatu ya ga ko duka 12 sun karkata gefe ɗaya, ko kuwa mutum biyu ne suka ja sauran. Takardun da aka cika a gona, da ƙurarsu da gyare-gyarensu, a kawo su ranar kare kundi tare da hotunan, malamai su zaɓi manomi ɗaya su bi lissafinsa daga farko. In kuwa bayan duk wannan wahala aka tarar babu wani bambanci tsakanin hanyoyin biyu, haka za a rubuta, a ba shi makinsa cikakke, a ajiye kwafi a sashe don wanda zai gwada a fadama.